Taubashina Ya Tafi Yerwa da Hulata

Daga admin: wani dattijo ne ya turo daga Diffa, ya ce a sakaya sunansa. Ga shi yadda ya zo, ban gyara komai ba.

Assalamu alaikum jama'ar zaure, masu magana da masu laɓe suna karantawa ba su taɓa cewa uffan ba. Don Allah ku taimake ni da shawara, kuma ku yi da wuri, don raina a ɓace yake, tattasaina kuma yana can bakin kogi yana jin ƙishirwa. Ku yi haƙuri da rubutun, a aji huɗu na baro lakwal, wato makarantar boko, ranar da mushe malaminmu ya ce in zo da mahaifina, ni kuma na ga babu dalilin wahalar da tsoho. Yanzu haka a sibar, shagon hayar kwamfuta, nake zaune ina danna haruffa da yatsa guda kamar kaza na tsintar tsaba, mai wurin yana lissafa min lokaci, wuta kuma in ta ga dama ta ɗauke. Admin ka ɓoye sunana. Na san duk wanda ya taɓa sayen tattasai tsakanin Diffa da Gueskérou kafin ya kai tsakiya ya gane ni, to wanda ya gane ya yi shiru, shi ma na san nasa.

Ni manomin tattasai ne a bakin Komadugu. Mahaifina daga Damagaram ya zo da kanti, ya ga ruwa ya ga ƙasa, ya ajiye sikeli ya ɗauki fartanya, a nan aka haife ni a nan na yi furfura. Tattasanmu yawancinsa Yerwa yake tafiya, wato Maiduguri ga waɗanda ba su san sunanta na gida ba. Da can a buhu muke dawowa da naira, muna tafe muna addu'a saboda 'yan fashi. Sai Alhajin da ke sayen kayana ya ce shi ya gaji, kowa ya buɗe asusu a banki a can Yerwa ya riƙa zuba masa. Na buɗe. Suka ba ni wani ɗan kati kamar na shaidar ɗan ƙasa, suka ce in na tura shi cikin injin da ke jikin bango na danna lamba huɗu, kuɗina zai fito. Na ce to, mun ga zamani, bango ya fara haihuwa.

A nan ne za ku fara ce min wawa, to ku dakata, na riga na ji daga bakin matata kuma ta fi ku iyawa. Sun ce lambar ta sirri ce. Ni kuwa tun ina ƙarami a kasuwar tattasai abin da aka yi a ɓoye ba ciniki ba ne. In ana ɗora buhu a mota da ƙarfi ake kiran ƙidaya, mai kaya ya ji, direba ya ji, mai shayin gefe ma ya ji, don gobe in gardama ta tashi akwai shaida. Mai ƙirgawa a zuci shi ake zargi. Saboda haka ni in na je gaban injin nan, bismillah nake yi da ƙarfi, in kira lambar ɗaya bayan ɗaya ina dannawa, don kada inji ya ce ban faɗa ba. Har akwai ranar da na manta ta ƙarshe wani bawan Allah a bayan layi ya tuna min, na yi masa godiya. Ku gaya min, mutumin da ya yi haka ɓarawo ne ko mai gaskiya?

Yanzu ga wanda ya jawo min. Ina da taubashi, ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina ta haife shi. Bari in kira shi Dogo, don duk Diffa in ka cire yara babu wanda bai fi shi tsawo ba. Matata kuma ƙanwarsa ce ciki ɗaya, auren zumunci aka yi mana, ku riƙe wannan don zai dawo. Ku 'yan birni da ba ku san taubasantaka ba sai a littafi, ga yadda take: ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka ni ne ubangida shi ne bawa, haka muka tarar. Tun muna tsirara a bakin kogi nake zaginsa yake zagina. Ya ci min tuwo, ya ɓoye min takalmi a ƙofar masallaci, ranar ɗaurin aurena ya tsaya gaban jama'a ya ce ƙanwarsa ta yi asara, kuma duk wannan ba ni da ikon yin fushi. Wanda ya yi fushi da taubashi shi ne abin dariya har jikokinsa. Duk shekara kuma in watan Cika-ciki ya kama, sai ya zo da tsintsiya ya yi shara biyu uku a ƙofar gidana ta ƙarya, ya fizge abin da hannunsa ya kai, yawanci hula, sai na ba shi kuɗin shara kafin ya mayar.

Bana ma haka ya yi. Ina zaune a kan tabarma ina fama da ciwon gwiwa, ya zo ya tayar min da ƙasa da tsintsiyarsa, ya fizge hular kaina ya ɗora a nasa, ta rufe masa kunnuwa. Ya ce ubangida a fanshi hula. Na ce ba zan fansa ba, ya riƙe, ƙwarƙwatar ciki ma sun daɗe suna neman ƙaramin gida mai arha. Jama'a suka yi dariya, ya tafi yana taƙama. Abin da ya fita a raina shi ne katin nan yana cikin naɗin hular. Kuma kafin wani ya tambaya, a ina kuke so dattijo ya ajiye abu mai daraja? Aljihu yana hujewa, akwati mata na buɗewa, hula kuwa tana bisa kanka, sai an taɓa mutuncinka kafin a taɓa ta. Ban yi lissafin cewa akwai mutum ɗaya a duniya da al'ada ta ba shi lasisin taɓa mutuncina ba.

Dogo ɗan rakiyar kaya ne, shi ke bin motar tattasai zuwa Yerwa. Ya tafi da hulata a kansa. Da ya dawo sai ga shi da fara'a har kunne, ya miƙo min hular ba tare da na ba shi ko dala ba, ya haɗa min da ƙunshin kilishi. Ya ce ubangida bana ka yi abin kirki, Allah ya ƙara buɗi. Na yi mamaki, don tunda nake da Dogo ban taɓa cin abin hannunsa ba sai da rigima, amma na ce wataƙila tsufa ya fara shiryar da shi. Na zauna na cinye kilishin nan tas, har ina sa masa albarka. Jama'a, kuɗina na ci da bakina ina godiya.

Ga yadda na gane. Layin wayata na Najeriya, wanda banki ke turo saƙo a kai, ba ya kamawa a cikin gari, sai na gangara gona bakin kogi. Ciwon gwiwa ya hana ni zuwa kwana da kwanaki. Ranar da na samu sauƙi na je duba motopom, injin da ke ja mana ruwa, ina isa bakin ruwa sai waya ta fara kuka a aljihu kamar an taka wutsiyar mage, saƙo na bin saƙo. Turancin Ingila ban iya ba, ɗan Faransancin ma ya zube a hanya, amma lamba ba ta da yare. Na ga kuɗin tsinkar farko, wanda na ajiye don isansin ban ruwa, wato fetur, da sallamar mata masu tsinka, yana sauka kamar ruwan kogi a ƙarshen rani. Na farko kaɗan ne, bai wuce kuɗin kilishi da abin sha ba. Bayansa kuwa sai manya. Wani malamin makaranta da ke da gona kusa da tawa ya karanta min, ya ce wannan an cire a inji, wannan katin waya aka saya, wannan takalmi ne a Legas, wannan kuma otal. Ni da ban taɓa wuce Kano ba, wai na kwana otal a Legas, har na ci abincin safe.

Na kira lambar da aka ce a kira in an shiga uku. Wata mata ta ɗauka, ina mata sallama tana ta surutu ba ta amsa ba, ashe ba mutum ba ce. Malamin ya ce wai in danna ɗaya, na danna, ta ce in danna uku, na danna, suka sa min kiɗa. Ina tsaye cikin laka, ana yashe ni, su kuma suna min goge. Har kuɗin wayar ya ƙare ba wanda ya ce min sannu. Muna nan tsaye wani saƙon ya sake shigowa, malamin ya duba ya ce wannan bankin ne da kansa ya cire ladan saƙonnin da ya turo. Wato ɓarawo ya ɗauka, mai gadi kuma ya caje ni kuɗin ba ni labari.

Na cire hula na zaro katin, ga shi nan lafiya lau, launinsa ɗaya da nawa. Malamin ya karɓa ya juya shi, ya ce Baba wannan ai sunan wata mata ne a jiki. Kwana da kwanaki ina yawo da wata Madam a bisa kaina ban sani ba, har sallah na yi da ita.

Ban bi ta gida ba, gidan Dogo na nufa da gwiwar tawa. Na same shi yana gyaran tiyo. Tun kafin in buɗe baki ya fara dariya, ya ce ashe saƙo ya iso, ai shara ce ya ɗiba da hannunsa tunda ubangidansa marowaci ne, kuma lambar ba sai ya tambaya ba, ko kurman Yerwa ya haddace ta. Na ce shara ce har da otal a Legas? Dariyar ta tsaya. Na nuna masa wayar, na nuna masa Madam. Da ƙyar na tatso labarin daga bakinsa. Wai ya je gaban inji ya tura katin a juye, inji ya tofo shi, ya sake, ya sake tofowa. Sai wani mutum mai farar riga da kyakkyawar Hausa ya ce Baba kawo in taimaka maka. Ya tura masa, Dogo ya kira lambar da ƙarfi yadda ya ga ubangidansa na yi, kuɗin kilishi ya fito, mutumin ya zaro kati ya miƙa masa har da cewa a gaida gida. Dogo ko alif bai sani ba balle boko, ya ga launi ɗaya ne ya mayar cikin hula. Har addu'a ya yi wa mutumin.

Abin da na faɗa masa a wurin ba zan rubuta ba, akwai mata a zauren nan. Abin da zan ce kawai, tunda muke ban taɓa zaginsa ya yi shiru ba sai ranar.

Washegari na bi mota zuwa Yerwa, na sha shingayen hanya, na isa bankin na ce manaja nake nema. Don Allah ya ƙara min zafi sai manajan ya kasance Bakano. Yana jin bakina ya gane Badamagare ne, ya kwantar da kujera ya ce yau ga bayinmu sun zo da kuka, wa ya ba Badamagare kati, ai ku sai wuri da tandu. A ranar da aka saba da na gaya masa yadda kakanninsa suka rufe ƙofofin gari da suka ji ƙurar dawakinmu, amma ranar ba ni da bakin wasa, kuma shi ma ba ni da ikon yi masa fushi. Ku duba wannan rayuwa, taubashi a gida, abokin wasa a banki, duk wanda ya cuce ni al'ada ta riga ta ɗaure min hannu a kansa.

Ya rufe katin, kuma a ɗan abin da ya rage suka cire ladan rufewa. Ya juyo min da allon kwamfuta ya ce in duba hoton da injin ya ɗauka. Ga hulata nan, zanna bukar ɗina da na saya da kuɗin tattasan bara, ga Dogo a ƙarƙashinta ya ɗaga kai yana wa inji murmushi da duk haƙoran da suka rage masa. A gefensa kafaɗar farar riga kawai ake gani. Ɓarawo ya san inda idon inji yake ya kauce, wawana kuwa ya tsaya kamar mai ɗaukar hoton aure. Sauran wuraren da aka ci kuɗin, in ji manaja, babu hoto ko ɗaya.

Sai ya daina wasa ya yi min tambaya guda. Ya ce, "Baba, kai ka ba shi katin, ko ɗauka ya yi ba da izininka ba?"

Na ce ban ba shi ba. Ya ce to sata ke nan. Na ce ba sata ba ce, shara ce. Na fara masa bayani ya ɗaga hannu ya ce shi ma yana da taubasai, bara agogonsa suka tafi da shi, ya san shara sarai. "Amma banki bai san taubashi ba. In ka ce ka ba shi, kai ka yi sakaci, ko kwabo ba za a biya ka ba. In ka ce ɗauka ya yi, ka kawo takardar 'yan sanda da sunansa, mu tura Legas a buɗe bincike, wataƙila a mayar maka da wani abu. Amma ka sani fuskar da muke da ita tasa ce, shi za a fara kamawa."

Na ce wataƙila? Ya ce wataƙila. Wato in kai ɗan gwaggona hannun 'yan sandan wata ƙasa, a kan wataƙila. Na tambaye shi, injin naku da ya ga mutum yana cin takalmi a Legas alhali ya san mai kuɗin a Diffa yake da ƙafa mai ciwo, me ya hana shi tambaya? Mu a kasuwa in baƙon fuska ya zo karɓar kuɗin wani, sai an aika an tambayo mai shi. Ya ce inji lamba ya sani. Na ce to ashe mai shayin kasuwarmu ya fi injinku hankali. Ya ce in ban kawo takardar da wuri ba maganar za ta mutu, don in abu ya kwana biyu Legas ba ta sauraro. Motar da zan bi in koma Yerwa ranar Talata take tashi.

Na dawo gida na tarar da abin da ya fi satar ɓata min rai. Matata ba ta ce min sannu da hanya ba, ta ajiye min tuwo ta ce ta ji abin da banki ke so, in na tashi kai yayanta in haɗa da ita a motar, don nono ɗaya suka sha. Na ce wa ya ce zan kai shi? Ta ce wa ya ce ba za ka kai shi ba, tunda ga tattasai na zubar da fure. Kuma gaskiyarta, yana zubarwa. Isansin da ya rage a jarka ba zai kai mako ba, tsinka ta biyu da ta uku duk suna jikin wannan ruwan, in ya tsaya noman shekara ya tafi, matan da suka yi min tsinkar farko kuma suna zuwa gaisuwa da safe, irin gaisuwar da kowa ya san ma'anarta.

Da sassafe na ji motsin amalanke a ƙofa. Na fito na ga Dogo ya sauke motopom ɗinsa, tsohon injin da shi kaɗai ya mallaka, wanda yake ba ɗan ƙaramin fegensa ruwa da shi. Ya cire takalmi tun daga nesa. Dogo, wanda ya taɓa shigowa ɗakina da takalmi ya taka min tabarmar sallah don ya ga ko zan yi magana. Ya durƙusa ya ce ina kwana Alhaji. Tunda uwarsa ta haife shi, in ka cire ubangida na shaƙiyanci, bai taɓa kirana da abin da ya wuce mai kan tulu ba. Ya ce in sayar da injin in sayi isansi. Na ce in na sayar nasa tattasan ya sha me, hawayensa? Bai yi dariya ba. Kansa a ƙasa ya ce, "In bai isa ba, ranar Talata mu tafi tare. Ka ce musu na sata. Ai na sata."

Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na daka masa tsawa na ce uban wa ya ce ka sata, ɗauke tsiyarka ka bar min ƙofa. Ya tashi ya tafi ya bar injin. Yana nan har yanzu a zaure, matata ta lulluɓe shi da tsohon zane kamar gawa, duk wanda ya shigo sai ya tambaya.

Jiya na yi wata dabara. Na san yana zama wurin mai shayi bayan la'asar, sai na ɗora hular nan a can gefen kai, da ƙyar take tsaye, na bi ta gabansa a hankali ina ɗingishi, har na tsaya ina gyara takalmi daidai inda hannunsa zai kai. Jama'ar wurin duk sun gane, suna jira. Hular ta gaji ta faɗi da kanta. Dogo ya tashi ya ɗauka, ya kaɗe mata ƙasa, ya miƙo min da hannu biyu.

To jama'ar zaure, ga inda nake. Masu aikin banki a cikinku, na san kuna nan kuna laɓe, ku fito ku gaya min tsakani da Allah: akwai hanyar da zan kai ƙarar mai farar riga ba tare da sunan Dogo ya shiga takardar 'yan sanda ba? In na ce hula na ba shi ban ba shi kati ba, wannan a wurinku bayarwa ce ko sata? Wataƙilar manajan nan tana da nauyin da za a ɗora mutum a kanta, ko dai irin wataƙilar da ake sallamar tsofaffi da ita ce? Malamai kuma ku faɗa min, in na sayar da injinsa na ceci gonata tasa ta bushe, na ci halal? Wanda zai ce in daina kiran lamba da ƙarfi ya riƙe shawararsa, na ji, yanzu ko sunana a zuci nake faɗa.

Ku amsa kafin Talata don Allah. Kuma a cikin dattawan zauren in akwai wanda ya san yadda ake sa taubashi ya dawo da rashin kunyarsa, shi na fi jira. Mutumin Legas ya ci kuɗina, wannan in da rai a sake nomawa. Amma bawa guda gare ni a duniya, kuma ya mayar min da shi mai ladabi.